Son Kai a Bakin Mai Labari: Alhaji Imam, Ganɗoki da Shaihu Umar a Kunnen Ɗan Zuru

Gabatarwa

Hausawa sun ce, so duka so ne, amma son kai ya fi. Duk wanda ya saba zama a dandali, ko a zauren wani dattijo bayan sallar lisha, ya san inda wannan hali ya fi saurin bayyana, watau cikin hira. Wani zai fara ba da labarin ciwon da ya kwantar da shi, kafin ya kai aya wani ya karɓe da labarin nasa ciwon da ya fi tsanani. Wani ya ce ya je Ikko, wani ya ce ai shi har Makka ya taka. Ba a jima ba sai a ga kowa ya bar sauraro, jira kawai yake mai magana ya ja numfashi shi kuma ya samu ƙofar shiga.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda wannan hali ya fito cikin uku daga ƙagaggun labaran Hausa na farko, watau Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Dalilin zaɓensu biyu ne. Na ɗaya, duka ukun bisa hira aka gina su: mutum guda ya zauna gaban jama'a yana ba da labarin kansa da bakinsa. Na biyu, duka ukun daga ƙasa ɗaya labarinsu ya taso, Kwantagora da Kagara, maƙwabtan ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi. Saboda haka akwai abin da kunnen ɗan Zuru zai tsinta cikinsu wanda zai iya wuce Bakano ko Bakatsine.

Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, yawan faɗin "ni" bai isa zama ma'aunin son kai ba. Ma'aunin da ya fi shi ne a duba abin da mai magana ya yi da mutum biyu: wanda ke zaune gabansa yana sauraro, da wanda ake maganarsa alhali ba ya nan.

Shingen da Harshe ya Kafa

Kafin mu shiga littattafan ya kamata mu ga irin tanadin da Hausa ta yi wa wannan hali, domin marubutan nan uku cikinsa suka tashi. Mu fara da gaisuwa. Tambayoyinta duka wajen abokin magana suka fuskanta: ina kwana, ina gajiya, ina aiki, yaya iyali. Amsoshin kuwa gajeru ne, an riga an yanka su: lafiya lau, ba gajiya, aiki da godiya. Majinyacin da ke kwance rai a hannun Allah, in an ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce. Watau al'ada ta buɗe wa mutum fili ya tambayi wani, ta ƙuntata masa wurin da zai yi bayanin kansa.

Sa'an nan ga nahawu. Bahaushe yakan ɓuya cikin lamirin nan na "an". Malamin da ya shekara ashirin yana karatu a birnin Zariya, in an tambaye shi, sai ya ce an ɗan taɓa. Wanda matarsa ta haihu ya ce an samu ƙaruwa. Har wa yau yakan narkar da "ni" cikin "mu", domin wanda ya tafi kasuwa shi da Audu kaɗai yakan ce mun tafi da Audu, alhali su biyu ne rak. Ko tsohuwa mai tatsuniya ba ta farawa sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara sun amsa ta zo mu ji ta. Mai sauraro shi ma yana da nasa aiki, shi ne ya riƙa jefa to, na'am, ashe, haka ne, ikon Allah. In waɗannan suka ɗauke, mai hankali ya san hirarsa ta mutu.

Wani masanin zamantakewa na Amurka, Charles Derber, cikin littafin da ya fitar a 1979, ya kasa amsar mai sauraro gida biyu: wadda ke tallafa wa mai magana ya ci gaba, da wadda ke karkato zancen zuwa kan mai amsawa. Bahaushe ya daɗe da sanin duka biyun. Ta farkon ita ce aikin 'yan amshi. Ta biyun kuwa ya san laifi ce, shi ya sa mai son faɗawa cikin zancen wani yakan fara da cewa ba katse maka hanzari ba.

Duk da haka al'ada ba ta toshe ƙofar yabon kai ɗungum ba. Ta keɓe masa fage, shi ne kirari. Ɗan dambe da ɗan kokawa da maharbi da ɗan tauri duk suna da izinin su fito su cika baki, amma bisa sharaɗi guda: a yi shi gaban abokin karawa wanda zai iya ƙaryata shi nan take. Mawaƙi ma yana da nasa rabo, Narambaɗa da Shata kowannensu ya yi Bakandamiyarsa. Sarki kuwa ba ya yabon kansa, maroƙa ke yi masa. Wanda ya fitar da kirari daga fagensa ya kai shi zaure, hukuncinsa sananne ne: yabon kai jahilci. Ba mamaki da A. H. M. Kirk-Greene, cikin laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya sa kunya da ladabi da hankali cikin jerin halayen da Hausawa ke auna mutum da su.

Littattafan da Ƙasarsu

A 1933 ne Dokta R. M. East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai cikin boko. Littattafai biyar suka fito daga gare ta, aka soma buga su a 1934: ukun da muke magana a kai, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Bello Kagara, wanda aka haifa a 1890, wan Abubakar Imam ne, wanda aka haifa a Kagara a 1911. Tafawa Ɓalewa mutumin Bauci ne, amma shi ma a Kagara ya sa asalin tauraronsa. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja a Kwantagora yake zaune, Ganɗoki kuwa mayaƙin Sarkin Sudan na Kwantagora ne.

To, wace ƙasa ce wannan? Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa Kwantagora wajen 1864, ya rasu a 1876. Ɗansa Ibrahim ya hau a 1880. Ƙarfin masarautar a zamaninsu bisa hari ya dogara, kuma waɗanda harin ya fi faɗa wa su ne Kambari da Kamuku da Gwari da Dukkawa da Dakarkari. Sojan Gwamna Lugga suka ci Kwantagora a farkon 1901, Ibrahim ya fita, daga baya aka kama shi, aka mai da shi kan sarauta a 1903. Zuru tana arewa da Kwantagora, hanyar da ta haɗa su ta Rijau ta bi, kuma a farkon mulkin Turawa cikin Lardin Kwantagora aka sa ta. Sai a 1976 ta shiga Jihar Sakkwato, a 1991 ta koma Jihar Kebbi. Mai karatu ya riƙe wannan a zuci, za mu komo gare shi.

Alhaji Imam: Mai Cika Baki da ya San Kansa

Ruwan Bagaja ya buɗe da mutumin da sana'arsa ke nan sauraro, Koje Sarkin Labari. Yana yawo ƙasa ƙasa, ya sayi labari a nan ya sayar a can. Tun daga shafin farko ke nan Imam ya nuna mana cewa ko sauraro yana iya zama neman na kai, domin kunnen Koje jarinsa ne. Da ya iso Kwantagora ya gamu da wanda ya fi shi baki. Daga sa'ad da Alhaji Imam ya karɓi zance, Sarkin Labari ya koma ɗan kallo, kwana da kwanaki jama'a na taruwa mutum guda na magana. In da yawan "ni" ake auna son kai, da ba wanda zai kama ƙafar Alhaji Imam. Marubucin ma sunan kansa ya ba tauraron.

Amma me ya sa mai karatu ba ya ƙosawa da shi? Dalili na farko shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Manazarta sun daɗe da nuna dangantakar littafin da Maƙamatul Hariri, inda mai ba da labari ke ta gamuwa da wani mawayaci gari bayan gari. A wurin Hariri mai ba da labari daban, mai wayo daban. Imam ya haɗa su cikin mutum guda, sa'an nan ya ƙirƙiro masa kishiya daidai da shi. Yau Alhaji Imam ya yi wa Zurƙe, gobe Zurƙe ya rama, kuma da bakin Alhaji Imam muke jin wuya da kunyar da ya sha. Watau sharaɗin nan na kirari ya cika, akwai abokin karawa a fage, kuma yana kayarwa.

Dalili na biyu shi ne mai labarin ba ya ɓoye mana dabararsa. Dubi wurin da ya zama malamin gari alhali bai san karatu ba. Da Zurƙe, wanda ya fi shi sani nesa ba kusa ba, ya zo ƙure shi, sai ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen haruffa, shi kuwa ya ce jinjirin wata ne ya zana, jama'a suka goya masa baya aka kori mai ilmi. Mu masu karatu an riga an gaya mana gaskiya, saboda haka tare da mu ake dariyar. Ga kuma darasi na biyu a ciki: mutanen garin ba hujja suka bi ba, nasu suka bi. Son kai yakan tashi daga "ni" ya koma "namu", a nan ya fi wuyar ganewa.

Dalili na uku, tafiyar tasa ta shekara da shekaru ba don kansa ya fara ta ba. Liman, mijin uwarsa, shi aka kunyata a fada don ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki, shi kuma ya fita don ya wanke shi.

Sai dai akwai waɗanda littafin bai biya su ba, su ne ƙauyawa da sauran bayin Allah da mawayatan nan biyu suka yi ta damfara a hanya. Su da Zurƙe sun shirya daga baya, amma ba wanda ya koma ya tambayi baƙauyen da aka cuta yadda ya kwana. Alhaji Imam ya kyauta wa wanda ke gabansa, ya biya shi da dariya. Wanda ba ya nan kuwa, kayan wasa ne.

Ganɗoki: Kirarin da ya Rasa Abokin Karawa

Ganɗoki kirari ne aka miƙe shi ya zama littafi, kuma ta wannan fuska yana da daɗi ƙwarai. Hausarsa tana da kuzari, jimlolinsa suna sukuwa kamar dawakin da yake bayani. Kashin farko a kan turbar tarihi yake: faɗuwar Kwantagora da Bida a 1901, fitar Sarkin Musulmi Attahiru bayan an ci Sakkwato a 1903, har zuwa Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Daga nan sai labarin ya saki tarihi, Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka faɗa ƙasashen gabas da duniyar aljannu, suna yaƙi suna cin nasara, kafin su komo gida su tarar da sabon zamani.

Wannan tsallake daga tarihi zuwa almara shi ne mabuɗin littafin. Muddin Ganɗoki na ƙasar Hausa, tarihi na tsaye kansa yana ƙaryata shi, domin kome yawan waɗanda ya sare, an dai ci garin, an kuma kashe Sarkin Musulmi. Da cika baki ya ƙi yiwuwa a gaban shaidu, sai ya ƙaura inda ba shaida. A can ba Zurƙe, ba mai cewa ina nan aka yi. Masu sauraronsa kuwa 'yan amshi ne kurum.

Ba daidai ba ne a yi wa Bello Kagara rashin adalci a nan. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka ci Kwantagora, ya kuma rubuta littafinsa ne don gasar da Bature ya shirya, a ƙarƙashin mulkin waɗanda suka ci ƙasar. Mutanen da aka kayar suna bukatar abin da zai ɗaga musu kai, Ganɗoki kuwa ya ba su. Kirarinsa magani ne ga wani miki na gaske.

Amma mikin wa? Kafin Nasara su iso, dawakin Kwantagora suna da aikin da suke yi. Labarin yana jin zafin ranar da bindiga mai ruwa ta fi ƙarfin mashi, bai tsaya ya ba da baki ga waɗanda mashin ya fi ƙarfinsu jiya ba. Abokan gaba a bakin Ganɗoki ba su da suna, ba su da uwa, ba su da gona. Taro ne da ake ƙirgawa bayan an gama. Wannan shi ne son kai mafi zurfi cikin zance, mutum ya iya bayyana zafin abin da aka yi masa dalla-dalla, ya kasa gane cewa irinsa ya yi wa wani. Mai irin wannan hali ba lalle ne ya yi ƙarya ba. Yana iya faɗin gaskiya tsantsa, amma rabinta, rabin da ya shafe shi.

Shaihu Umar: Wanda ya Jira Aka Tambaye Shi

Tsarin Shaihu Umar ya bambanta tun daga ƙofa. Malam ne a Rauta, yana karantarwa, bai ɗauko zancen kansa ba sai da almajiransa suka tambaye shi asalinsa. Izinin nan na "ta zo mu ji ta" ya samu kafin ya buɗe baki. Da ya fara kuma, sai ya ba wasu fili. Babban kashi na littafin labarin Makau ne, mijin uwarsa, da labarin ita uwar, wadda ta bar gida neman ɗanta, wanda ya yi alkawarin taimakonta ya ci amanarta, ta faɗa bauta, ta ƙetare Sahara, ba ta sake ganin ɗan ba sai a Tarabulus gab da rasuwarta. A yawancin waɗannan wurare Umar ba ya nan. Ta yaya ya san su? Sai dai in ya taɓa yin shiru wani ya ba shi labari. Labarin da yake bayarwa shi kansa shaida ce ta sauraron da ya yi.

Ko nahawun littafin ya nuna haka. Inda Ganɗoki ke aikatawa, Umar aikata masa ake yi: sace shi aka yi, tsintarsa aka yi, kai shi Kano aka yi, Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi Masar ya sa shi karatu. Lamirin "aka" ya yi yawa a bakinsa kamar yadda "na" ya yi yawa a bakin wancan.

Tafawa Ɓalewa bai manta da son kai ba, a bakin fadawa ya sa shi. Makau na da fada wurin sarki, abokan zamansa suka ji haushi, da aka komo daga hari sai suka kai sara cewa ya ɓoye waɗansu daga bayin da ya kamo, aka ƙwace kayansa aka kore shi. Wannan hoto ne mai kyau na yadda ake kashe mutum da hira: magana kaɗan, a kunnen da ya dace, sa'ad da mai ita ba ya nan. Baki shi ke yanka wuya.

Duk da haka akwai abu biyu da ya kamata a faɗa. Na farko, Umar ya cika tsabta. Bai taɓa kuskure ba, bai taɓa zama abin dariya ba, kuma tawali'un da ba shi da tabo ko ɗaya yakan zama wani irin ado. Ta wannan gefe Alhaji Imam, wanda ke fallasa kansa, ya fi shi sakin jiki da mai sauraro. Na biyu ya fi nauyi. Rigimar Makau da fadawa a kan lissafi take, bayi nawa ya kamo, nawa ya nuna. Mutanen da aka kamo daga ƙauyen Gwari adadi ne cikin shari'ar wani. Littafin da ya fi kowane nuna mana zafin bauta, ya nuna shi ne sa'ad da ta faɗa wa uwar malam. Ko kunnen da ya fi buɗewa yana da iyakar da yake tsayawa, kuma sau da yawa iyakar ita ce bakin ƙofar gidansu.

Yadda Ake Ji Daga Zuru

Yanzu mu koma Zuru. Masarautar ta ƙunshi Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, harsunanta kuwa da yawa. Mafi rinjaye su ne waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, su kuwa suna kiran kansu Lelna, harshensu C'Lela. Hausa ita ce ta haɗa kowa a kasuwa da masallaci da coci da tasha, kuma yaran ƙasar suna karanta adabinta a makaranta kamar sauran yaran Arewa. Ɗalibin da ya buɗe Ganɗoki a Zuru, ba sai littafin ya kira sunan ƙauyensu ba kafin ya gane a wane gefen mashin kakanninsa suke. Shi ne mutumin nan na biyu da muka ambata a farko, wanda ake maganarsa ba ya nan. Ga shi yau ya zo, yana zaune a aji, da littafin a hannunsa.

Mutanen nan kuwa ba su rasa abin faɗa game da "ni" da "mu" ba. A al'adar golmo saurayi yakan shekara bakwai yana noma a gonar surukinsa, shi da tsaransa a ƙungiya, yau gonar wannan gobe ta wancan, ba mai samun mata da ƙarfin kansa shi kaɗai. A al'adarsu ta dā kuma, gwanin kokawa ko farauta ko noma yakan sami tukwanen ado a kan kabarinsa, waɗanda mata magina ke ginawa. Yabo ne da ke zuwa daga hannun wani, bayan mai shi ya yi shiru.

Ba ana nufin son kai na wata kabila ne ban da wata ba. Ƙasar Zuru ta yi suna wajen aikin soja tun zamanin Turawa, 'ya'yanta sun je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, sun yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ta kuma fitar da janar-janar, cikinsu har da marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami. Tsohon sojan da ke ba jikokinsa labarin daji a gindin bishiya yana iya zama Ganɗoki shi ma, mutanen da ya harba su zama adadi. Halin na ɗan Adam ne. Abin da ya bambanta shi ne wa ya sami alƙalami da maɗaba'a, wa bai samu ba.

A nan ne abin ya shafe mu, mu masu nazarin Hausa. Fanninmu ma yakan yi hira irin ta Ganɗoki. Muna maimaita Hausa Bakwai da Banza Bakwai ba tare da mun tsaya mun ji yadda kalmar ke sauka a kunnen mutumin Kabi ko Yawuri ko Gwari ba, alhali duk suna cikin jerin. Muna murna da yaɗuwar harshe, muna ƙirga masu jin sa, ba mu cika tambayar abin da suke son faɗa da shi ba. Harshen da miliyoyin mutane suka ara bai kamata ya mai da su 'yan amshi ba.

Kammalawa

An ga yadda masu labari uku suka riƙe zaure guda. Alhaji Imam ya cika baki amma ya bar wanda zai ƙaryata shi, ya kuma yi wa kansa dariya. Ganɗoki ya kai kirari inda ba mai amsa masa. Shaihu Umar ya jira tambaya, ya ba uwarsa da Makau wuri, sai dai bai leƙa bayan danginsa ba. Ba ɗaya cikinsu da ya ba wanda aka kai wa hari baki.

Wannan ba dalilin jingine littattafan ba ne, domin su ne harsashin rubutun zubenmu, kuma gwanintarsu ba ta ragu ba. Abin da ake bukata shi ne a sauya yadda ake karantar da su. Malami ya ƙara tambaya guda bisa tambayoyin jigo da salo da ya saba yi: wa ke magana, wa ke sauraro, wa aka hana magana? A Zuru da Rijau da makamantansu, a tura ɗalibai wurin tsofaffinsu su ɗauko labarin zamanin hari yadda aka gada a gidajensu, cikin Hausa da cikin harsunansu, a ajiye shi kusa da Ganɗoki a karanta su tare. Sassan Hausa na jami'o'inmu su karɓi irin wannan aiki a matsayin nazarin adabi cikakke. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Tun 1934 muke jin ta Kwantagora da Kagara, ta ƙasar Zuru kuwa har yanzu tana bakin masu ita.